Turaren Ɗakin Bara'atu

…kuma da rana tsaka. Wa ke kunna turaren wuta da rana tsaka, taga a rufe, cikin wannan zafin na Safana? Mahfuza tana zaune a bakin gadon yayarta Bara'atu, hayaƙi yana lasar rufin kwano. Ƙamshi ne, eh. Amma a ƙarƙashinsa akwai wani abu… wani wari. Hancinta ya gane shi tun kafin ita ta yarda.

A'a. Zafi ne. Ko ɓera ya mutu a bayan kwallaye.

Akwatuna ta zana a kwamfutarta, can jami'a a Katsina. Aikin kammala karatunta ke nan: lissafin yadda sankarar bakin mahaifa ke bin matan Batsari da Safana, da yadda gwaji zai tare ta da wuri. Kowace mace ɗigo ɗaya. Masu lafiya nan, masu ɗauke da ƙwayar cutar nan, waɗanda ta fara ci ba su sani ba… sai akwatin ƙarshe, wanda kibiya ke shiga, babu mai fita. Ta danna, shekaru su zubo kamar gero daga ƙwarya, ɗigogi su yi ta wucewa shiru. Ba kuka, ba zaman makoki. Har daɗin kallonsu takan ji. Astagfirullah — daɗi!

Tsummokaran nan da ta gani a bayan rumbu. An shanya su inda ido ba ya kaiwa, wasu sun bushe, wasu na ɗiga. Na wata ɗaya ne? Na mace ɗaya?

"Ke 'yar boko, wannan kallo sai ka ce mayya? Miƙo min buta."

Ta miƙa. Wuyan hannun Yaya… yaushe awarwaro ya fara gangarowa haka?

Ɗazu Yaya ta faɗa, tana dariya, tana tsince wake. Tun bayan girbi jinin bai ɗauke ba. Ta tambayi malamarsu ta Islamiyya, malama ta ce ba haila ba ce, jinin ciwo ne, ta riƙa sabunta alwala ta yi sallarta. "Wallahi sai da na ji sanyi a raina. Ni dama sallar ce damuwata. Ta ce in leƙa asibiti ma, to ai ba a kwance nake ba."

Ba a kwance take ba.

Kibiyar nan — daga "ta ga alama" zuwa "ta je asibiti". Da hannunta Mahfuza ta ja ta, miƙaƙƙiya, gajera. Malaminta har ya yaba. Ba ta zana ƙofar Islamiyya ba. Ba ta zana ajiyar zuciyar macen da aka ce sallarta na nan daram ba, ta koma gida ta ɗora tukunya. Su nawa suka tsaya a nan? Ƙauyukan Wagini, Yasore… ɗakuna nawa ne ke hayaƙi yanzu haka? A lissafinta duk sun isa asibiti. Suna kan benci, suna jiran a kira su. Wasu har sun warke. Matan da ba su taɓa tako zaure ba, ita ta warkar da su da ɗan yatsa.

Daudu, mijin Yaya. Duk ranar kasuwar Batsari sai ya dawo da ƙullin turare a aljihu, yana murmushi, wai kwanan nan ta faye son ƙamshi. Mahfuza ta sha roƙon Allah a ɓoye Ya ba ta miji mai lura irinsa. Bai sani ba ne? Ko shi ma ya ji, ya rasa bakin magana, sai ya ƙara ƙulli?

A wane akwati Yaya take, to? In har wari ya zo… ta san kashi nawa cikin ɗari ke juyowa daga nan. Ita ta shigar da lambar. Ga ta a kan harshenta, ɗaci kamar maɗaci, ta ƙi haɗiyuwa.

Amma lissafi na taro ne, ba na mutum ɗaya ba. Ko ba haka malam ya ce ba? Wataƙila da saura. Motocin Katsina na lodi har la'asar. In ta faɗa yanzu, yanzun nan… da wace kalma? Wadda ta goya ta, ta yi mata kitso, ta tauna mata gyaɗa — ita za ta kalla ta yi wa zancen mahaifa?

"Yaya…"

Bara'atu ta riga ta kabbarta salla. Hijabi fari cikin hayaƙi, kamar babu kowa a ciki. Ruku'u a hankali, hannu ɗaya dafe da mara. Sujada. Ta daɗe. Ta daɗe ƙwarai… tashi mana, Yaya, tashi — ta tashi.

Tahiya. Yatsa yana motsi.

Ga fuskar tana juyowa dama, wajenta, a natse, leɓɓa na kawo sallama. Bakin Mahfuza a buɗe, babu ko miyau.