Farfajiyar Kaka Verna

Takardar ta zo ranar Talata, kwana uku bayan an kwantar da kakata Verna a asibiti saboda karayar ƙugu. Na tarar da takardar rataye a jikin ƙofar gidan Kaka, inda nake zaune, da tambarin hukumar gari. An rubuta cewa ciyawar ƙofar gidan ta haura inci takwas da doka ta yarda, in ba a yanke ta cikin kwana goma ba za a turo masu yanka.

Maganar inci takwas ma ba ta taso ba, wani wurin har kafaɗata. Shekara uku da suka wuce Kaka ta tuge gajeriyar ciyawar nan da kowane gida a layinmu yake da ita, ta zuba irin tsirran daji da ta tsinto a gefen tsohuwar hanyar jirgin ƙasa, kusa da gonar da aka haife ta. Yanzu an shimfiɗa kwalta a wurin. Shekarar farko ba abin kallo, ta biyu ma haka. Sai bana suka yi fure, ƙudan zuma suka cika gidan. Bana kuma ita ce shekararta ta ƙarshe a nan, don mahaifiyata ta riga ta yanke cewa kafin dusar ƙanƙara ta sauka Kaka za ta koma wurinta a birnin Madison, a sayar da gidan. Abu ɗaya Kaka ta roƙa, a bari irin ya ƙosa a watan Oktoba ta tara ta tafi da abinta.

A bayan takardar an ce duk wanda da gangan ya shuka, yana iya zuwa zaman majalisar gari ranar Alhamis ya yi bayani, a ba shi izini. Shekara huɗu na yi a jami'a ina karatun tsirrai, babu tsiron da ban san sunansa ba a farfajiyar nan. Na zauna na cika shafi uku da bayanin da zan yi. Ranar Alhamis na je har bakin zauren, na leƙa na ga mutane sun kai talatin, ga lasifika a tsakiya inda mai magana zai tsaya. Na koma mota na zauna har aka tashi. Na ce wa kaina akwai wata Alhamis kafin wa'adin ya cika.

Ranar Asabar da hantsi na ji ƙarar inji. Maƙwabcinmu ne Baba Duane, tsohon direban bas, a kan injin yankan ciyawarsa. A layinmu haka ake yi: in mutum ya kwanta ciwo, maƙwabta su yanke masa ciyawa, in lokacin sanyi ne su kwashe masa ƙanƙara, kuma ba a tambaya, don tambayar ma abin kunya ce. Tun jiya matarsa ta aiko mini da kwanon taliya da cuku. Shi kuma ya ga takardar tun kafin ni.

Na fito da gudu ba takalmi. Ya tsaya, ya yi mini murmushi.

"'Yar boko, koma ciki ki sha kofinki. Kafin kakarki ta dawo zan mayar da dajin nan gidan mutane."

"Baba Duane, ai dama..."

Ya zare abin toshe kunnensa ɗaya ya karkato. "Me kika ce? Ɗaga murya, kunnen ya tsufa."

Na dubi fuskarsa, gumi har ya fara tsattsafo masa, ya zo yin alheri. Na ce babu komai, sannu da aiki.

Ta taga na kalla. Bai kai awa ɗaya ba. Da ya gama ya sake bi ya fitar da layi-layi kamar na filin ƙwallo. Har yamma ƙudan zuma suna shawagi a wurin.

Kullum ina zuwa asibiti, kullum Kaka tana tambayata ko dogayen furannin nan masu ruwan ɗorawa sun buɗe, ni kuma sai in gyara mata matashi in kawo wata hira.

Ranar da aka sallame ta, ta daɗe tsaye a bakin mota riƙe da sandarta. Baba Duane ya tsallako da hularsa a hannu, yana ba ta labarin yadda injin ya mutu masa sau biyu saboda kaurin ciyawar. Kaka ta ce ya sha aiki, ta gode, kuma gobe zai ga kek ɗin tuffa.

Sai da muka shiga ta zauna ta ce, "Maren, kina gida lokacin?"

"Ina gida."

"Ya tsaya ya saurare ki?"

"Ya tsaya, Kaka."

Ta gyaɗa kai. Ba ta yi faɗa ba, ni kuwa da faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce in ɗauko wuƙa in fara feraye tuffa.

A watan Nuwamba aka sayar da gidan. Saiwoyin suna nan a ƙasa, na san duk bazara suna tohowa. Masu gidan na yanzu mutanen kirki ne, kowace Asabar suna yanka.