Firam ɗin Koci Lyle

A garinmu Youngstown, idan uba ya shigo gidan ɗaga ƙarfe riƙe da hannun ɗansa, ba ya duban ƙarafan, ba ya tambayar takardar shaidar koci. Bango yake duba. Al'adarmu ce, duk yaron da ya samu shiga babbar ƙungiyar ƙwallo yakan kawo rigar wasansa ta farko, ya rubuta godiya a jikinta, ya ba kocin da ya gina masa jiki, a sa ta a firam a rataye. Mai manyan riguna shi iyaye ke kai wa 'ya'ya. Wanda bangonsa ke fayau kuwa, sai ya koma horar da tsofaffi masu ciwon gwiwa.

Sunana Nadine. Na daɗe ina horar da 'yan mata masu jifan ƙwallon ƙarfe a wata kusurwa ta gidan Koci Lyle Hruska, tsohon garejin faci da har yau yake warin taya idan aka yi zafi. Lyle ya san aikinsa, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Amma mutum ne mai taurin kai, kuma na sha gaya masa haka a gaban idonsa. A bakin ƙofa ya ajiye kwando, duk wanda zai shiga sai ya jefa wayarsa a ciki. Ba hoto, ba bidiyo. Wai wurin aiki ne, ba dandalin rawa ba.

Rigunan bangonsa na ƙananan jami'o'i ne, babu ko ɗaya ta ƙwararru. A tsakiyarsu akwai firam guda da babu komai a ciki. Shi ya ƙera shi da hannunsa, kamar yadda yake ƙera sauran, amma wannan daban ne: da katakon tsohon dandamalin da ake ɗaga ƙarfe a kai ya yi shi, har da tabon inda ƙarfe ya sha faɗuwa. Kowa ya san na Tavion Meeks ne.

Tavion yana ɗan shekara goma sha uku uwarsa Charisse ta kawo shi, siriri kamar sillen kara, kunnuwa sun fi kafaɗu faɗi. Ita aikin asibiti take yi, ba ta da lokacin kai da kawowa, don haka Lyle ke ɗauko shi daga makaranta a akori-kurarsa, ya mayar da shi gida. Da sandar tsintsiya ya fara koya masa tsuguno kafin ya bar shi ya taɓa ƙarfe. Da gwiwarsa ta yage a jami'a, kowa ya ce ta ƙare, nan ya dawo yana ɗingishi, Lyle ya kwashe lokacin sanyi guda yana farfaɗo da shi. Ina wurin. Amma in ka ce in nuna maka, ba ni da ko hoto ɗaya, saboda wayata tana cikin kwando.

A ɗaya gefen babban titi kuma akwai Brantley Voss. Shi ma a hannun Lyle ya koyi aikin, ya kwashe duk abin da zai kwasa, ya je ya buɗe nasa wurin: gilasai, ciyawar roba, kiɗa, fitilu masu sa ƙwanji ya fito a hoto. Yana da mai ɗaukar bidiyo da ke bin sa kamar jela. Har darasi yake sayar wa sauran kociyoyi ta intanet a kan yadda ake gina sana'a, kuma an ce a darasin farko yakan ba da labarin wani tsoho mai kwando, ba ya ambatar suna.

Yakan leƙo mu lokaci-lokaci, da kofin shayinsa na takarda, yana murmushin nan nasa mai haƙora da yawa.

"Maigida, har yanzu ana fama? Wallahi ka saki jiki a ɗauke ka ko sau ɗaya. Aikin da ba a gani a waya ba, ba a yi shi ba."

"Waya a kwando," in ji Lyle, ko kallonsa bai yi ba.

"Kin gani ko, Anti Nadine? Ki yi masa magana. Tsohon nan zai mutu da iliminsa a aljihu."

"Kai dai ai ka yashe aljihun tuntuni," na ce masa.

Ya yi dariya ya tafi. Ba ya jin haushi, abin da ya fi ba ni haushi da shi ke nan.

Da Tavion ya gama jami'a, lokacin zaɓen sababbin 'yan wasa ya matso, wakilinsa ya ce a kai shi wurin Brantley ya yi shirin gwaji na wata biyu. Nan da nan gari ya cika da bidiyon Tavion yana gudu, yana tsalle, Brantley a gefensa yana ihu yana dukan ƙirji. Na kai wa Lyle wayata har gaban hancinsa.

"Ka ga abin da ake yi da yaronka?"

Ya ture wayar. "Wanke mota yake yi, Nadine. Ni na haɗa injin. Yaron ya sani."

"Yaron ya sani. Iyayen yara fa?"

"Za su gani a bango."

Iyayen kuwa sun fara raguwa. Bazara ta kusa, lokacin da ake rubuta yara don horon hutu, kuma da yawa sun ja baya suna jira su ga inda rigar Tavion za ta sauka. Ba su ɓoye ba. Wani uba ya ce min, "Ni dai inda aka yi Tavion zan kai ɗana." Ya faɗa yana kallon firam ɗin da babu komai a ciki.

Aka zaɓi Tavion. Wata ƙungiya ta can yamma ta ɗauke shi, gari ya ɗauki sowa. Lyle ya ji labarin yana share dandamali, ya jingine tsintsiyar ya shiga banɗaki ya daɗe. Bayan 'yan makonni Tavion ya bugo waya, ya ce ranar Asabar zai zo da rigar.

Ban taɓa ganin Lyle haka ba. Ya yi aski. Ya sayi sabuwar riga mai kwala, har alamar ninki tana jikinta. Ya kira duk iyayen da ke jira, ya ce su zo da yaransu. Tun da safe ya kafa tukunyar gashi a bakin gareji, haƙarƙari da masara, matar maƙwabci ta kawo dankali. Ya sauko da firam ɗin ya goge gilashin, ya mayar, ya sake saukowa da shi. Na ce masa zai huda gilashin da guga, ya ce in yi harkar gabana.

Da rana tsaka baƙar mota ta tsaya. Tavion ya fito, ya zama ƙato, ƙofar motar ma kamar ta yi masa kaɗan. Sai wakilinsa. Sai mai kyamara. Sai Brantley. Ina ganin Brantley na sha jinin jikina.

Mai kyamara ya doshi ƙofa, ya wuce kwandon ko kallo bai ishe shi ba. Na dubi Lyle. Ya buɗe baki, ya dubi Tavion, ya rufe. Yau ɗaya dai ya bari.

"Koci," in ji Tavion, ya rungume shi har ƙafafun tsohon suka kusa barin ƙasa. "Har yanzu wurin nan warin taya yake."

"Kai ma har yanzu kunnuwanka na nan," in ji Lyle. Mutane suka yi dariya.

Aka kawo tebur. Lyle ya ɗora firam ɗin, ya kwance bayansa, ya goge hannuwansa a wando. Tavion ya zaro rigar daga leda ya miƙa masa. Yara suka matso, iyaye suka ɗaga wayoyin da yau ba wanda ya karɓa. Lyle ya shimfiɗa rigar, ya miƙar da kafaɗunta da tafin hannu, ya sa tabarau don ya karanta abin da aka rubuta a kan lambar rigar.

Ina tsaye a kafaɗarsa, na riga shi karantawa. *Ga Koci Brantley, wanda ya mayar da ni abin da na zama.*

Lyle ya karanta, ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ya sake karantawa.

"An yi kuskure a sunan," ya ce a hankali.

Tavion ya sosa ƙeya. Ya dubi wakilinsa, wakilin ya dubi wayarsa.

"Ba kuskure ba ne, Koci. Ka ga, yanzu ina da kaso a wurin Brantley, sunana zai hau ƙofa. Harka ce. Rigar farko can za ta je, haka aka rubuta a yarjejeniya. Zan aiko maka da wata, wallahi, irin ta atisaye, ko hula."

"To me ya kawo ka nan da ita?" Ni ce na tambaya, kuma ban rage murya ba.

Brantley ne ya amsa, cikin fara'a, kamar mai raba kyauta. "Firam ɗin, Anti Nadine. Tavion ya ba ni labarinsa, na ce wannan ai zinariya ce. Katakon da ya fara ɗaga ƙarfe a kai. Mutane na son irin wannan labarin. Kuma duk garin nan babu mai sa riga a firam kamar Maigida, ni shaida ne. Za mu biya, ba kyauta muke nema ba."

"Ba ka da kunya," na ce. Na juya ga Tavion. "Kai kuma, ƙafar da kake tsaye a kai wa ya ba ka? Da ka zo nan kana jan gwiwa kana kuka a bayan motar can, Brantley ne ya riƙe ka? Uwarka ta san ka zo yin wannan?"

"Mama ta ce ba za ta zo ba," in ji shi, idonsa a ƙasa. Sai kuma ya ɗago, fuskarsa ta ɗaure. "Anti, shekara nawa na yi a nan? Ki tambaye shi ko ya taɓa ce min na yi ƙoƙari. Ko sau ɗaya. Kullum 'sake', 'ƙara sauka', 'sake'. Brantley ranar farko ya ce min ni gwarzo ne, duniya ta gani."

Naman da ke kan wuta ya fara ƙauri, ba wanda ya je ya juya shi.

Na so Lyle ya yi wurgi da rigar. Na so ya ɗauki firam ɗin ya rotsa shi a kan dandamali, ya kore su da tsintsiya. Da ya yi haka da iyayen nan sun ga koci. Amma sai ya dubi bango, inda firam ɗin ya bar farin shaci a fenti da ƙusa a sama, sannan ya dubi yaron.

"Naka ne," ya ce. "Don kai na yi shi. Miƙo min allurai, Nadine."

Na ƙi. Ya je ya ɗauko da kansa.

Ya yi aikin kamar yadda yake yin komai, a hankali, ba ha'inci. Ya ja hannun rigar ya daidaita, ya soke ta da allurai ta ciki inda ba za a gani ba, ya hure ƙura daga gilashi. Ya gyara ninkin don rubutun ya fito sosai. Mai kyamara ya durƙusa kusa da tebur yana cewa, "Haka, Baba, riƙe nan, kar ka ɗago kai, hannuwan kawai nake so." Na tsani Brantley, na tsani yaron, kuma a wannan lokacin na tsani Lyle fiye da su duka.

Da ya ɗaure bayan firam ɗin, Brantley ya karɓa, ya ɗaga sama, Tavion ya riƙe ɗaya gefen, aka yi hoto. Sannan Brantley ya ce za a rataye shi yanzu a wurinsa, akwai lemo da riguna kyauta ga yara, Tavion zai sa wa kowa hannu. Yara suka ruga. Iyaye suka bi su, wasu suna sunkuyar da kai, wasu ko haka ba su yi ba. Wata mata ta dawo ta nannaɗe haƙarƙari a takarda ta tafi da shi. Tavion ya tsaya a bakin ƙofa kamar zai ce wani abu, wakilinsa ya ja shi.

Bidiyon ya fito washegari. An yi shi da kyau, wannan kam. Ga katako mai tabo, ga tsofaffin hannuwa suna soka allura, ga muryar Brantley tana magana a kan tushe da sadaukarwa. Fuskar Lyle ba ta fito ba, sunansa ma ba a ambata ba. A ƙasa an rubuta godiya ga wani mai sana'ar hannu na unguwa.

Horon bazara yara kaɗan suka zo, su ma ƙannen 'yan matana ne. Lyle bai cire ƙusar ba. Kwandon ma yana nan a bakin ƙofa, sai dai yawanci wayata ce kaɗai a ciki.

Wata Talata da hantsi wani mutum ya shigo da ɗansa, yaro dogo mai faɗin kafaɗa, irin wanda kowane koci zai so. Lyle ya miƙe daga benci da sauri har gwiwarsa ta yi ƙara. Na ga idonsa yana auna yaron, ƙugu, idon sawu, yadda yake tsayuwa. Ya miƙa hannu.

"Sannu da zuwa. Wane wasa yake yi?"

"A'a, yana zuwa wurin Koci Brantley," in ji uban. Ya zaro wata riga daga jaka, ta makarantar sakandare. "Shi ya turo mu. Kai ne mai firam ɗin nan, ko?"

Na ajiye abin da ke hannuna. Lyle ya tsaya da hannunsa a miƙe, ba wanda ya kama. Sai ya juya tafin, ya karɓi rigar, ya shimfiɗa ta a kan benci, ya miƙar da kafaɗunta.

"Baƙin katako kake so," ya ce, "ko ja?"