Liatu a Majigin Tsiga

Ana cikin ɗaure farin ƙyalle a jikin motar majigi Liatu ta iso filin kasuwar Tsiga, Raufu na biye da ita yana ta mita.

Raufu tela ne, ɗan wani Bayarabe mai sayar da yadi, haifaffen Funtuwa, shi ne kuma shugaban 'yan wasan kwaikwayon da ke wasa a ɗakin taron garin Funtuwa. Liatu ta daɗe a cikinsu, saboda muryarta mutane ke zuwa har daga Malumfashi. Da damina ma'aikatan gwamnati daga Kaduna suka sa ta a fim ɗin koyar da feshin auduga. Yanzu sun aiko suna nemanta a wani sabo, daidai makon da Raufu ya shirya wasan Kirsimeti.

"Fim ɗin da ba a jin magana!" in ji Raufu. "Ke da muryarki ki koma bebiya? Kalli na yau tukuna."

Ta ja mayafi ta zauna cikin mata. Bayan magariba aka tada inji, sai ga ta a jikin ƙyalle, matar manomin da ya ƙi yin feshi. Bakinta na motsi, ba sauti. Malam Maharazu, mai yi wa jama'a bayani ta lasifika, ya maƙale murya kamar ta mace.

"Wayyo maigida, yau ko tsire ba za mu ci ba?"

Fili ya ɗauki dariya. Liatu ta sunkuyar da kai. Ba haka ta faɗa ba ranar da aka ɗauka. Ta hango Raufu cikin maza yana kaɗa kai.

Can sai lasifikar ta yi ƙara ta mutu. Maharazu ya shiga jan waya, hoton kuwa bai tsaya ba. Ga ta tsakiyar gona, ta ɓare kan auduga, ta tarar da tsutsa. Ta ɓare wani. Ta goge hannu a zani, ta dubi mijin. Ranar ɗauka sai da aka sa ta maimaita wurin nan har ta gaji, ana ce mata ta daina ɗaga hannu, ta tsaya kawai. Ta koma gida a ranar tana ganin ba ta yi komai ba.

Dariya ta ɗauke. Ba a jin komai sai injin.

"Allah sarki, baiwar Allah," in ji wata tsohuwa a gefenta, ta dafa gwiwar Liatu ba tare da ta dube ta ba. "Haka na tsaya bara a gonarmu. Wallahi haka."

"Sannu, Inna," in ji Liatu.

Lasifika ta farfaɗo. Maharazu ya sake maƙale murya, sai wani manomi ya ɗaga tasa daga baya: "Malam, yi mana shiru mu gani!"

Da aka tashi, suka tsaya bakin hanya suna jiran motar Funtuwa. Raufu ya juyo ya dube ta.

"To, me kika yanke?"

"Yaya Raufu, ka ba Abike, abokiyar wasana, wurina a wasan Kirsimeti. Kaduna za ni."

"Abike? Muryarta ba ta wuce bencin gaba!"

Liatu ta gyara mayafinta, ta ɗaga wa mota hannu.

"Sai ku matso da sauran bencin."