Ƙoƙon Uwale

A shekarun da dajin Dakoro bai da komai sai rijiyoyi da sawun shanu, akwai wani makiyayi, Samba, mai ɗiya guda, Uwale. Da ta kai shekara biyar ta matsa mai da kuka sai ya tafi da ita mashekari, zangon da yake kiwon shanu. Uwarta ta hana, ta gaji, ta ɗaura mata ɗan ƙoƙo a wuya.

Yarinya ta sha murna. Ta hau bayan takarkari, ta tsinci magarya, ta taya ubanta kafa bukka da kirare.

Kwana na uku salkarsu ta ruwa ta tsage. Da azahar suka iso rijiyar Mainassara, wani manomi daga wajen Kornaka. Samba ya yi sallama.

"Maigida, a taimaka ma yarinya da ruwa. Shanu sa haƙura."

"Ban gina rijiya don baƙi ba," in ji Mainassara.

Uwale ba ta san ana gardama ba. Ta je bakin kwamin ban ruwan dabbobi ta tsoma ƙoƙonta. Mainassara ya sa ƙafa ya shure shi, ya taka, ya fashe.

Hannun Samba ya kai ga takobi. Sai ya ji ɗiyar ta riƙe mai ƙafa. Ya saɓe ta, ya juya. Sai la'asar sakaliya suka sami wani tabki mai laka. Ta sha, ta kwana bakwai tana zawo, har ya fid da rai. Da ta tashi, in ta hangi rijiya sai ta ɓoye bayansa.

Wata biyar Samba yana dafa abin a ransa. Ya mai da Uwale gun uwarta. Ya bari damina ta yi, geron Mainassara ya fid da kai, ya nuna, saura kwana uku girbi. Da hantsi, jama'a na gani, ya kora garkensa duka cikin gonar. Ya tsaya bakin kunya da sanda a kafaɗa.

Mainassara ya sheƙo yana ihu. "Me na yi maka?"

"Tuna."

Mai gari ya yanke Samba ya ba da bijimi biyu. Samba ya zaɓo manya da hannunsa. A shekarar Mainassara a rumbun surukansa ya ci. Da labarin ya kai ma Samba, ya ce wannan bai isa ya biya ƙoƙon Uwale ba.