Gavrila Ya Tafi Ba Kyandir

Simion baduku ne ya tura Gavrila lahira cikin duhu, da rana tsaka kuma, a kan idon matarsa Todora. Wanda ya ce ba haka aka yi ba, ya fito ya faɗa gaban jama'a.

Kafin Simion ya dawo daga birni da wa'azinsa, ba a biki a kwarin nan sai da gogen Gavrila. In ya ɗora shi ƙarƙashin haɓa, har tsofaffin da gwiwa ta ƙi su sai sun miƙe. Mashayi ne, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne, Todora ta sha janyo shi daga cikin lambatu. Shi ya sa ranar da ya bar cocin iyayensa ya shiga cikin tubabbu, masu taruwa a ɗakin Simion, ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi ko ba komai hantarsa ta huta.

Simion ya ce masa ceto kyauta ne, alherin Allah ne, ba aikin mutum ba. Sai ga kyautar ta buɗe baki ta fara ci. Barasa ta tafi, taba ta bi ta. Aka sauke hotunan tsarkaka daga bango, aka kwashe duk wani kyandir da ke gidan. Ƙaninsa ya daina amsa gaisuwarsa. Fada Ilarie, limamin cocin iyayensa, ya aiko a gaya masa ya cire rai daga gurbin da ke kusa da kabarin uwarsa a harabar coci. Daga ƙarshe aka zo kan goge. Gavrila da hannunsa ya cusa shi a murhu, Todora na tuƙa tuwon masara a kan wutar, tana jin tsirkiya na tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Tuwon ranar alade ne ya ci.

"Kai mutumin nan," ta ce, "wace irin kyauta ce wannan mai tuɓe wa mutum riga?"

"Ba za ki gane ba, tsohuwa. Wanda aka tsamo daga rijiya ba ya kukan hular da ta faɗa ciki."

"Simion ne ya faɗi wannan, ko kai?"

"Ni."

"Na ji alama. Nasa ba su da gishiri haka."

Shekara tara aka yi. Kowace Lahadi Simion sai ya ɗaga murya: "Kun tabbata kun tsira?" Su amsa: "Mun tabbata!" Mutanen Fada fata kawai suke yi, in ji shi, tubabbu kuwa sun sani. Todora na jiyo su daga bakin hanya, muryar mijinta ta fi ta kowa.

Lokacin yankan ciyawa ciwon ƙirji ya kwantar da Gavrila. Likita ya duba, ya ce a mai da shi gida. Kwana huɗu yana kwance, sai ya kira ta.

"Todora, dubi hannuna."

Yatsun hagunsa na tafiya a kan bargo, suna danna tsirkiyar da babu.

"Kiɗan fito da amarya ne. Shekara tara bai bar ni ba. Ana addu'a, ni shi nake ji. Ina cewa na tabbata, alhali kiɗa ne cike da kaina. Da an karɓe ni, ai da an cire min shi."

"Kiɗa ne fa, ba kisan kai ba."

"Simion ya ce wanda aka sake haifa ba ya kewar tsohon rai."

"Simion da ko takalmi bai iya ɗinkewa ya kai kaka ba?"

Bai yi dariya ba. Shekara arba'in da ɗaya, ba ta taɓa zagin wani a gabansa ya ƙi dariya ba.

A kwarin nan ko jinjiri ba a bari ya mutu hannu wofi. Kyandir mai ci ake damƙa wa mutum, don hanyar can duhu ce, wanda ya tafi ba wuta lalube zai yi ta yi. Ko maƙiyinka ba ka yi masa fatan mutuwa ba kyandir. Todora ta san haka, shi ya sa tun ranar da aka share gidan ta tura guntun kyandirin Ista can ƙasan buhun garin masara, ta ja bakinta ta yi shiru.

Washegari da rana tsaka, gari duk an watse gona, Gavrila ya ce, "Wa ya rufe taga?"

Taga a buɗe take, rana har kan gadonsa.

"Duhu ya fara, tsohuwa. Akwai... ko ɗan guntu?"

Ta zura hannu cikin gari har gwiwar hannu. Ashana uku ta karya kafin ta huɗu ta kama. Tana miƙa masa, yana buɗe tafi, sai ga warin fata a bakin ƙofa. Simion ne ya zo dubiya.

Bai hure wutar ba, kada a yi masa ƙarya. Da ma hurewa ya yi, da ta sake kunnawa. Tsayawa ya yi ya ce, a hankali, "Ɗan'uwa Gavrila, Almasihu bai ishe ka ba, sai ka haɗa da kakin zuma? In ka kama wannan, ka ce alherinsa bai isa ba ke nan. Shekara tara za ka zubar a bakin ƙofa?"

"Fita min daga gida, baƙin hankaka!" in ji Todora.

"Iya Todora, ransa nake tsarewa."

Gavrila ya juya ido da kyar. "Ɗan'uwa, in na bari... ka tabbata?"

"Kai za ka tabbata, ba ni ba."

Tafin ya rufe. Ya buɗe. Ya sake rufewa. Idonsa daga wuta zuwa Simion, daga Simion zuwa wuta. Kaki mai zafi na ɗiga a hannun Todora ba ta ji. Ta kama yatsunsa tana ɓamɓarewa, tana roƙo, "Kama, tsoho, kama, zunubin a wuyana!" Yatsun da suka saba gudu a kan goge suka ƙage kamar ƙarfe.

"Ina jin tsoro," ya ce.

Ba ta san wanne yake tsoro ba, kamawa ko bari. Ya tafi hannu a dunƙule, ido a buɗe, kyandir na ci tsakaninsa da shi bai kai taƙi ba.

Ta je wurin Fada Ilarie da gari har yanzu a hannun rigarta. Ya tambaye ta, "Ya kama?" Ta ce a'a. Ya sunkuyar da kai ya ce Allah mai jinƙai ne, amma ƙofar harabar coci ba ta buɗu ba. Tubabbu suka binne shi can gindin shinge, inda awaki ke leƙe. A bakin kabarin ne Simion ya ce ɗan'uwanmu ya yi tangaɗi a ƙarshe, inda yake yanzu kuwa Allah ne kaɗai masani.

Allah ne masani! Shekara tara ana cika wa mutane kunne da "mun tabbata", ranar da ake bukatar tabbacin sai a ce Allah ne masani.

Tun daga ranar Todora ba ta shiga rumbun ƙasa ɗebo dankali sai ta tokare ƙofa da dutse. Sau ɗaya iska ta rufe ta a ciki, ta tsaya cikin baƙin duhu tana shafa bango, sai ta ce haka Gavrila yake yi yanzu, shi kuma ba ƙofar da zai tarar. Maƙwabta ne suka jiyo ihunta. Ta kai kyandir kan kabarinsa, kafin yamma tubabbu sun tsige. Ta sake kaiwa, suka sake tsigewa. Guntun nan na Ista kuwa yana aljihun zanenta duk inda ta sa ƙafa, da ashana, don ita ma ta haura saba'in, kuma gidan ba kowa.

Lahadin nan ma tana tsaye a ƙofar ɗakin taronsu, kamar Lahadi shida da suka wuce. Suna ciki suna amsa "mun tabbata", Simion kuma ta ƙofar baya yake sulalewa.

To, Simion, ba sauran ƙofar baya. In ceton nan naka kyauta ce, me ɗan guntun kyandir zai rage mata? In ba kyauta ba ce, me ya rage wa Gavrila da bai bayar ba? Kai ka karɓe gogensa, da ƙaninsa, da gurbinsa kusa da uwarsa, ka ce ka san hanya. Fito gaban jama'a, ka dubi matar nan cikin ido, ka gaya mata inda mijinta yake.