Rigar Ɗaukar Hoto

Mai ɗinki ta sake gyara wa 'yarta 'Yarbaba wuyan riga a karo na huɗu, sannan ta tura ƙofar ofishin gidauniyar da sallama. Tun da safe ta goge rigar nan har ta kusa tsayawa da kanta. Yau za a ɗauki hoton marayun da za a saka a makaranta, kuma sakatariya ta riga ta faɗa mata a waya cewa gurbi ɗaya ya rage, yara uku ke nemansa. Shekara biyu ke nan da rasuwar uban yarinyar, shekara guda kuma tana zaune a gida tana sa wa uwarta zare a allura.

Ofishin sanyi ƙalau, bangon cike da hotuna. Ga Shugaba tana miƙa jaka, ga Shugaba tana shafa kan yaro, ga ta kuma tana share hawaye ba tare da kwalli ya motsa ba. Sakatariya ta nuna musu benci da baki, ta ce Shugaba na hanya, ta ɗauki wayarta ta fice.

A nan idon mai ɗinki ya faɗa kan wata rigar yara da aka rataye a bayan kujera. Ta koɗe, hannu ɗaya na shirin rabuwa da kafaɗa, ƙirjin ya tsage har ciki, maɓalli ko ɗaya babu. Ita kuwa Allah ya yi ta da wata lalura: ba ta iya ganin yagewa ta kau da kai. Ko a motar haya ta hango aljihun wani ya farke, sai tafin hannunta ya kama ƙaiƙayi. Ta ce a ranta, bayin Allah, hidimar 'ya'yan mutane ta hana su duba nasu kayan, ita kuma da me za ta saka musu in ba da wannan ba? Ta buɗe jaka ta zaro allura.

Awa ɗaya da rabi Shugaba ta yi tana hanya. Kafin nan riga ta dawo hayyacinta, har da maɓallai huɗu iri ɗaya.

Turaren Shugaba ne ya fara shigowa, sannan ita, sannan mai hoto da sakatariya. Ta ƙare wa 'Yarbaba kallo daga kitso zuwa takalmi, ta tambaya ko an tabbata wannan marainiya ce, don ita dai ba ta ga alama ba. Mai ɗinki ta ce ga takardar rasuwa. Shugaba ta ce masu ba da taimako ba takarda suke kallo ba. A goge wa yarinya man nan, a ɗauko rigar.

Sakatariya ta ɗaga rigar, ta juya ta gaba da baya, sai ta kama salati.

"Wa ya taɓa rigar nan?" in ji Shugaba.

"Ni ce, ranki ya daɗe," mai ɗinki ta amsa tana murmushin jiran godiya. "Ba sai an biya ba."

Shugaba ta nemi kujera ta zauna. Ta ce shekara shida rigar nan tana aiki ba hutu, yara sun fi ɗari da suka sa ta, maza da mata, kuma ta fi kowane ma'aikaci a ofishin nan amfani. Sakatariya ta sunkuyar da kai. Sai a lokacin mai ɗinki ta sake duban bango da idon sana'a. Ita ce kuwa, a jikin wannan, a jikin wancan, yagewa ɗaya a kafaɗa ɗaya. Kunya ta kama ta, ta rasa ko tata ce ko tasu.

Mai hoto ya karɓi rigar ya ja da ƙarfinsa. Ɗinki ya ce bai san zancen ba. Shugaba ta dubi agogo ta ce ba komai, sauran yaran biyu gobe za su zo, kuma iyayensu ba sa taɓa kayan mutane.

Mai ɗinki ta juya. Ta dubi 'Yarbaba, wadda ta kwana uku tana gwada rubuta sunanta a bayan kwali don kada ta ji kunya a aji.

"A ba ni minti biyar," ta ce.

Ta ciro reza. Ta warware kafaɗar da ta ɗinke, ta ja zaren ya yi geza, ta tsinke maɓallan, ta ƙara wata yagewar a gefe inda da wuya a ce an yi da gangan. Ranta na suya, amma ta gama aikin tsaf. Mai hoto ya leƙo ya ce wallahi yanzu ta fi da ban tausayi.

Shugaba ta nuna ƙirjin rigar, wanda ke nan a ɗinke tsaf. "Nan fa?"

"Nan zare biyu na sa, ranki ya daɗe. In na taɓa, rigar gaba ɗaya za ta tafi."

Ƙarya ce, amma duk cikin mutanen ofishin babu wanda ya taɓa riƙe allura.

Aka sa wa 'Yarbaba rigar, aka tsayar da ita jikin bango, Shugaba ta dafa kanta. Mai hoto ya ce kada ta yi murmushi. Bai ma buƙaci faɗa ba, don yarinyar uwarta take kallo, wadda ke durƙushe tana tsince maɓallai a ƙasa.

Sakatariya ta rubuta sunan a gurbin ƙarshe. Mai ɗinki ta mayar wa 'yarta gogaggiyar rigarta, ta gyara wuyan, ta kama hannunta. Sun kai bakin ƙofa Shugaba ta kira ta.

"Baiwar Allah, ashe kin iya aiki. Bar mana lambarki, muna neman wando irin wannan na maza."

Shekara goma sha biyar tana ɗinki, yau ne karo na farko da wata babbar mace ta yaba aikin hannunta. Ta ba da lambar.