Zaren Yaya a Shagon Taya

Ƙanin wata maɗinkiya ya sayo wa motarsa sababbin wili, wato ƙarafan taya, masu ƙyalli, sun ɗara na asali da inci biyu. Sau biyu mai taya yana ɗaura musu tayoyi masu kauri, sau biyu suna gurzar jikin mota da an murɗa sitiyari. A zuwa na uku maɗinkiyar tana cikin motar, ya rage mata hanya za ta kai ɗinki.

Ta saurare su suna musun lambobi har ta ƙosa.

"Malam, ina tayar da motar ta zo da ita?"

Mai taya ya mirgino ta. Tef ɗin awonta bai zagaye ba, sai ta zaro zare daga jaka, ta kewaye tayar kamar ƙugun mai shirin ɗinka zani, ta yi ƙulli. Da ta gwada a sabuwar, saura kusan taƙi guda zaren ya haɗu.

"Yaya, wannan fa ba riga ba ce," in ji ƙanin, yana dariya.

"Riga ce mana. Ka ƙara ƙarfe, ka ƙara roba, a ina za ta shiga? In ƙarfe ya ƙaru, roba ta ragu."

Mai taya ya sosa ƙeya, ya ɗauko mara kauri, ya ɗaura, ya ba ta iska. Zare ya haɗu daidai kan ƙullin. Aka murɗa sitiyari har ƙarshe, ko ƙis.

"Hajiya, a bar mini zaren nan."

"Riƙe shi. Mu a wurinmu, wanda ya yanka kafin ya auna, shi ke biyan yadi."